Ciwon da Gwaji Ba Ya Gani

A kowane babban asibiti, daga Kano har Damagaram, akwai marasa lafiyar da ma'aikatan ɗakin kati suka haddace fuskokinsu. Fayil ɗinsu ya yi kauri, ledar magungunansu ta cika. Yau kai ne ke sarawa, gobe ƙirji ya ɗaure, jibi ciwon ya gangara baya ko ya zauna a ƙugu. Wata ta ce tana jin zafi a tsakiyar kanta ba dare ba rana, wani ya ce wani abu ne ke yi masa yawo a ƙarƙashin fata. An ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙirji, an yi sikanin, an sha maganin maleriya, an maimaita na taifot, an ɗora na olsa. Daga ƙarshe likita ya rufe fayil ya ce, "Alhamdu lillahi Hajiya, ba mu ga komai ba."

Da albishir likitan yake nufi, amma mai ciwon takaici take fita da shi. Ita dai ta san jikinta na ciwo. Idan asibiti bai gani ba, to ashe ba ciwon asibiti ba ne, sai hankali ya koma kan sammu ko iska. A gida kuwa an fara gajiya, har ana raɗa cewa raki ne ko son jiki.

Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane abin da ke damunsu yana da suna a likitance, kuma yana da magani: cutar tsananin damuwa, ko cutar fargaba, ko duka biyun a haɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da tsananin damuwa, miliyan 301 kuma da cututtukan fargaba. Abin da ba a cika faɗa wa jama'a ba shi ne, waɗannan cututtuka sau da yawa ta jiki suke fara sallama, ba ta hawaye ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan haka ta fito ne daga wani babban bincike da hukumar ta gudanar a ƙananan asibitoci na ƙasashe 14, har da Ibadan a Nijeriya, tare da birane irin su Paris, Shanghai, Ankara da Seattle. An tantance mutum fiye da 25,000, aka samu 1,146 da ke da tsananin damuwa. Sakamakon da Gregory Simon da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 1999 ya nuna cewa kashi 69 cikin ɗari na waɗannan mutane ba su kawo wa likita kukan komai ba sai na jiki. Amma da aka zaunar da su aka yi musu tambaya kai tsaye game da halin da zuciyarsu ke ciki, kashi 11 kacal ne suka musa cewa suna cikin ƙunci. Sauran duk sun faɗa. Ba ɓoyewa suke yi ba, tambayarsu ce ba a yi ba.

Wannan sakamako ya rusa wata tsohuwar magana da likitocin Turawa suka daɗe suna yi, wai ɗan Afirka bai iya bayyana abin da ke ransa ba, shi ya sa yake mayar da shi ciwon jiki. Binciken ya gano cewa adadin masu kukan jiki kaɗai ya tashi daga kashi 45 a wani gari zuwa 95 a wani, kuma abin ya fi yawa a asibitocin da mara lafiya ba shi da tsayayyen likitan da ya saba da shi. Duk wanda ya taɓa bin layi a asibitin gwamnati ya san ma'anar hakan. Mutum ya zo tun asuba, ya samu minti uku ko biyar da likitan da bai taɓa gani ba, ga wasu ɗari suna jira a waje, ga ma'aikaciyar jinya na shiga da fita. Wa zai buɗe baki a nan ya ce mijinsa ya juya masa baya, ko bashi ya yi masa katutu, ko tun da aka kashe ɗansa a hanya bai ƙara barcin kirki ba? Abin da ya fi sauƙin faɗa shi ne kai na ciwo, kuma ba ƙarya ba ne.

Al'ada ma ta ɗora nata. An tarbiyyantar da Bahaushe a kan haƙuri da kawaici, matar aure kuwa tun ranar kai ta ɗaki ake cusa mata cewa zaman aure ɗan haƙuri ne. Wanda ya ce zuciyarsa ta yi nauyi, ana iya ce masa ya rage tunani ya riƙe addu'a, wani ma ya zarge shi da raunin imani. Wanda ya ce bayansa ya riƙe kuwa, a kawo masa tabarma, a ɗauke masa aiki, a zo dubiya.

A Nijeriya an daɗe da lura da yadda damuwa ke fitowa ta jiki. A 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta labarin ɗaliban da ke zuwa masa da zafi ko motsi a ka da wuya, da dishi-dishin ido, da kasa riƙe abin da suka karanta, musamman idan jarrabawa ta matso. Daga baya Peter Ebigbo a Inugu ya tattara irin waɗannan koke-koke ya mayar da su ma'aunin da ake gwada marasa lafiya da shi. Har gobe malaman jami'a na ganin irin waɗannan ɗalibai a ƙarshen kowane zango.

To ta yaya tunani ke zama ciwo? Duk wani zafi da mutum ke ji, ko na yankan wuƙa ne, a ƙwaƙwalwa ake ƙera shi. Jijiyoyi na ɗauko saƙo daga fata da tsoka da hanji, su bi ta lakar gadon baya su kai shi sama. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin da ya sauya fahimtar likitoci, cewa saƙon ba ya wucewa haka kawai, a lakar akwai inda ake rage shi ko a ƙara shi, kuma ƙwaƙwalwa na aiko da nata umarnin daga sama. Abin kamar maɓallin sautin rediyo ne. Lafiyayyen jiki kullum yana aika ƙananan saƙonni, na motsin hanji da gajiyar tsoka da bugun zuciya, amma an rage sautinsu har mutum ba ya ji. Sinadaran da ƙwaƙwalwa ke amfani da su wajen wannan ragewa, wato serotonin da noradrenaline, suna cikin waɗanda ke daidaita yanayin zuciya da barci. Idan tsananin damuwa ya taɓa wannan tsari sai sautin ya ƙaru, abin da da ba a ji ya koma ciwo. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2003 ya nuna cewa kusan kashi 65 cikin ɗari na masu tsananin damuwa suna fama da wani ciwo a jiki.

Ita fargaba tata hanyar ta fi fitowa fili. Idan mutum ya ga maciji, jikinsa na sakin sinadarin adrenaline, zuciya ta ƙara gudu, tsokoki su ɗaure, numfashi ya yi sauri, narkar da abinci ta dakata. Da haɗarin ya wuce komai ya lafa. Mai cutar fargaba jikinsa na zaune a wannan hali makonni da watanni ba tare da macijin ba. Tsokar wuya da kafaɗa da ta wuni a ɗaure dole ta kawo ciwon kai mai matse goshi da ƙeya. Hanji kuwa, da yake yana da jijiyoyi masu yawa da ke haɗa shi da ƙwaƙwalwa, sai ya amsa da kumburi, ƙwannafi, gudawa ko taurin bayan gida. Wani lokaci abin na zuwa farat ɗaya: gaba ya faɗi, ƙirji ya ɗaure, gumi ya karyo, yatsu da leɓe su yi zir-zir saboda saurin numfashi ya rage iskar da ya kamata ta saura a jini, mutum ya tabbata ajalinsa ne ya zo. Cikin kamar minti goma abin ya kai ƙololuwa, sannan ya fara sauka. A garzaya da shi asibiti, a auna zuciya, a ga lafiyarta ƙalau.

Rashin barci na ƙara dagula lissafin, domin wanda bai yi barci ba ya fi jin zafi washegari, wanda ke jin zafi kuma ba ya samun barci. Hanyar ma biyu ce. Ciwon da ya daɗe, irin na sikila ko na gaɓoɓi, shi ma yana jefa mutum cikin damuwa, damuwar kuma ta ƙara masa zafi.

Asarar da rashin gane cutar ke jawowa ba ƙarama ba ce. Gwajin Widal, wanda ake dogaro da shi wajen cewa mutum na da taifot, sananne ne wurin nuna cuta ga wanda ba shi da ita, don haka ake ta ɗirka wa mutane magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili. Mai kemis kuma ya haɗa diclofenac da ibuprofen a ƙulli ɗaya, a sha wata da watanni, har gyambon cikin da da babu shi ya samu da gaske, ƙoda ma ta taɓu. Yawan shan maganin ciwon kai shi kansa yana haifar da ciwon kai. Mafi muni shi ne tiramol da kodin, waɗanda ke kwantar da zafi da ƙunci a lokaci guda na 'yan awoyi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Ba duka ne suka fara don nishaɗi ba.

Sai dai a yi hattara, kada a juya maganar ta zama kowane ciwo damuwa ne. Ƙarancin jini, ciwon suga, hawan jini, tarin fuka da cutar maƙoƙo duk suna iya zuwa da kasala da ciwon jiki da bugun zuciya. Wanda ke ramewa ba dalili, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko ya ga jini a bayan gida ko a tari, ko ƙirjinsa ke ciwo idan ya yi tafiya ko ya hau bene, wajibi ne a bincike shi da kyau. Kuma mutum ɗaya na iya haɗa olsa ta gaske da damuwa ta gaske. Alamun da ke karkata hankali zuwa damuwa su ne ciwon da ke yawo daga wuri zuwa wuri, wanda ke tsananta idan rai ya ɓaci, tare da farkawa tsakar dare barci ya ƙi dawowa, da fita sha'awar abinci da hira da sana'a, na tsawon mako biyu ko fiye. Mai jego da ta shiga wannan hali bayan haihuwa, da wanda ya tsero daga harin 'yan bindiga ko ya zauna a sansanin gudun hijira, sun cancanci a yi musu waɗannan tambayoyi tun zuwan farko.

Magani akwai, kuma ba shi da tsadar gwaje-gwajen da aka riga aka biya. Amitriptyline tsohon maganin damuwa ne mai araha da likitoci ke bayarwa har ga masu ciwon jijiya da ciwon kai, duloxetine ma ana bayar da shi ga masu ciwon jijiya, domin dukansu a kan waɗancan sinadarai biyu, serotonin da noradrenaline, suke aiki. Ba sa aiki a rana ɗaya, sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauyi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, su sha kwana biyar su ce bai karɓe su ba. Likita ne ke rubuta su, ba a saye a kemis da ka.

Magana ma magani ce idan an tsara ta. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin ɗari ne na waɗanda suka zauna a bencin ke da sauran alamun damuwa, alhali a rukunin da bai zauna a bencin ba kusan rabi ne. Irin wannan dabara ta dace da Nijeriya, inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200. Addu'a da ruƙiyya kuma ba sa karo da asibiti, malamin da ya san aikinsa zai yi addu'ar ya kuma ce a kai mara lafiya wurin likita.

Tsoron sunan mahaukaci ne ke hana mutane taka asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Amma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a cikinsu, ana shiga da kati kamar kowane sashe. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta haramta nuna wa irin waɗannan marasa lafiya wariya. Wanda ya fara cewa gara mutuwa da wannan rayuwa, ko ya ce ya zame wa iyalinsa kaya, shi ba a jira masa ranar ganin likita, a ranar ake kai shi, kuma ba a barinsa shi kaɗai kafin a kai shin.