Masu Shiga Haya a Birtaniya, Kada Ku Toshe Kafar Nan

Hunturun Birtaniya ya ƙarato, kuma cikin 'yan uwanmu da suka sauka can don karatu ko aikin jinya, akwai waɗanda bana ne za su fara kwana gida ɗaya da boila, tukunyar nan mai ƙona iskar gas tana ɗumama ruwa da ɗakuna. Da su nake, tun kafin wani ya ji sanyi na kwararowa ta wata 'yar kafa a bango ya ɗauko tsumma ya cusa.

Wuta ba ta ci sai da iska. In ta samu wadatacciya, gas ya ƙone sarai, tururin ya bi bututu ya fice. In iska ta yi ƙaranci, sai wutar ta haifar da gubar kabon monoksaid, in kuma bututun ya toshe ko ya tsage, gubar ta dawo ɗaki. Ita ce dai mai kashe iyalan da suka kwana da garwashin gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki a gida Najeriya.  Gubar ba launi, ba wari. Jini kuwa ya fi riƙe ta a kan iskar oksijin sau 200 da ɗoriya.

Boila iri biyu ce. Ta zamani rufaffiya ce ruf, bututunta biyu ne, ɗaya cikin ɗaya: na waje yana jawo iska, na ciki yana fitar da tururi. Tsohuwar yayi kuwa iskar ɗakin take sha, ta tura tururinta sama ta bututun hayaƙin gidan. Dominta aka huda kafar nan ta bango, kuma wanda ya toshe ta ya shaƙe wutar. Bututun saman ma ba a barin sa haka nan: tsuntsaye na yin sheƙa a ciki, bulo na zubewa, har fankar zuƙe tururin girki kan iya janyo gubar ta dawo ƙasa.

Tun 2005 doka a Ingila da Wales ta sa kusan duk sabuwar boilar gas ta zama irin mai tatsar zafi daga tururinta. Tururin nata ba zafi sosai, ga danshi, ga tsami mai cin siminti, don haka ba a sakin sa tsurarsa cikin tsohon bututun bulo. Sai an ba shi nasa bututun da kamfanin ya tsara, bakinsa nesa da taga.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne bututun da aka ɓoye cikin silin. A 2008 wata matashiya ta mutu a wani sabon gida a yammacin Landan saboda irin wannan bututu ya rabu a inda ido ba ya gani. Daga farkon 2013 aka ce dole a buɗe ƙananan ƙofofin leƙe, in babu su ma'aikaci ya ayyana boilar a matsayin mai haɗari, ya nemi a kashe ta.

To, ga haƙƙinku. Wajibi ne mai gidan haya ya sa a duba boila da bututunta duk shekara, ya ba ku takardar shaida kafin ku tare. Mai dubawar sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a 2009. Ku ce ya nuna kati, ku juya bayansa ku ga irin aikin da aka amince masa. Tun Oktoban 2022 kuma dole gidan haya a Ingila ya kasance da ƙararrawar gano gubar a ɗakin da boila take. Na san halinmu, kada a ce baƙo ya cika fitina, sai mu yi shiru. A nan kam kunya ba ta da amfani. Haka batun kiran wani ɗan uwa mai 'yan dabaru ya taɓa boilar don a rage kuɗi: ku bari.

Ku lura da harshen wuta in ana ganinsa. Shuɗi tsayayye shi ne lafiya. Rawaya mai lanƙwasa, baƙin tabo a jikin boila, ko raɓa mai yawa a gilashin taga, duk alamun matsala ne. A jiki kuwa ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala da sarƙewar numfashi. Mutum ya ce mura ce, ya sha farasitamol ya ja bargo, nan ne ake rasa shi. In 'yan gida sun kwanta tare, ko ciwon na lafawa da zarar an fita, kada a tsaya shawara.

A kashe boilar, a buɗe ƙofofi da tagogi, kowa ya fita waje. A kira 0800 111 999 in a Ingila, Sikotlan ko Wales ake, wanda ya galabaita kuma a kira masa 999. A gaya wa likita ana zargin kabon monoksaid don ya gwada, kuma kada a sake kunna boilar sai ma'aikaci mai rajista ya duba.