YADDA A KE SHIGA AIKIN ƊAUKAR FIM: LABARIN ƊAN KOYON KYAMARA

Duk wanda ya taɓa haƙurin zama a gidan silima har fim ya ƙare sarai, ya ga wani dogon jerin sunaye yana hawa bisa farin allo, mutane kuwa suna ta ficewa ba mai kula da shi. Sunayen manyan 'yan wasa su ke fara fitowa, sa'an nan na shugabannin aiki. Can ƙasa a ke rubuta sunan ɗan koyon kyamara. To, a kan wannan yaro za mu yi magana yau.

Dalili kuwa shi ne, samari da 'yan mata da yawa in sun gama makaranta su kan tafi wurin malamansu su ce aikin ɗaukar fim su ke so, a nuna musu hanya. Sau da yawa malamin ya kan rasa abin da zai ce, don shi ma iyakarsa kallo. Daga nan sai yaro ya koma gida ya matsa wa uba lamba a sayar da gona ko saniya a saya masa kyamara, yana tsammanin mallakar kaya ita ce iya aiki. Bayan shekara guda kyamara ta tsufa, gona ta tafi, ba wanda ya kira shi aiki. Don gudun irin wannan hasara ya kamata malamai da iyaye su san yadda sana'ar ta ke. Za mu ɗauki misali daga ƙasar Ingila, domin can ne wannan muƙami na ɗan koyo ya ke da suna da tsari sananne.

Matakan Aiki

Ƙungiyar masu kyamara tana da daraja hawa hawa, kamar yadda a ke samu a ko wane ofis. A bisa duka akwai shugaban ɗaukar hoto. Shi ke shawara da darekta a kan haske da inuwa da launi, da irin gilashin da za a ɗaura wa kyamara. Ƙarƙashinsa akwai mai riƙon kyamara, wanda ke sa ido a jikinta yana juya ta tana bin 'yan wasa. Sai mataimaki na ɗaya, wanda aikinsa shi ne murɗa gilashi don hoto ya fita tas, kada ya yi dishi-dishi. Sai mataimaki na biyu, watau mai allo, wanda ke buga allo da riƙe lissafi. Ɗan koyo shi ne na ƙarshe, yaron mai allo ne, kuma kowa na iya aikensa.

Aikinsa na farko shi ne ya riga kowa zuwa. Kafin shugabanni su iso ya sauke akwatuna daga mota, ya jera su a kan amalanke yadda ko a cikin duhu zai iya sa hannu ya ɗauko abin da aka nema. Shi ke kula da batura, ya san wanda ya cika da wanda ya kusa mutuwa. Shi ke jan wayoyi zuwa ƙananan talabijin ɗin da darekta ke duban hoto a ciki, in an tashi daga wuri ya naɗe su. In hadari ya taso shi ke rufe kyamara kafin ya nemi mafaka. Shayi ma shi ke kawo wa manyansa, gama mataimaki na ɗaya ba shi da damar barin gindin kyamara.

Akwai wata ƙa'ida da a ke koya masa tun ranar farko. In yana miƙa gilashin kyamara, ba ya sakin hannu sai mai karɓa ya faɗa da bakinsa cewa ya riƙe. Gilashi guda ɗaya na iya fin motar hawa tsada, in kuwa ya faɗi, aikin mutane masu yawa ya tsaya cik har a kawo wani.

Allo Da Takarda

Mai karatu ya sha ganin allon nan mai baki kamar almakashi da a ke bugawa gaban kyamara, amma ba kowa ya san amfaninsa ba. A manyan finafinai hoto dabam a ke ɗaukarsa, murya dabam, ko wanne da na'urarsa. Kyamara tana ɗaukar hoto 24 a cikin ko wane sakan guda. In an zo haɗawa, sai mai tace fim ya nemi hoton nan guda ɗaya inda bakin allo ya haɗu, ya daidaita shi da ƙarar da aka ji. Da ya yi haka, sai leɓen ɗan wasa da maganarsa su tafi tare. A jikin allon kuma an rubuta lambar fitowa da ko sau nawa aka maimaita ta. In ba a sami damar bugawa a farko ba, a kan buga a ƙarshe, amma sai a kifa allon ƙasa ta koma sama, don mai tacewa ya gane. In kuma kusa da fuskar ɗan wasa za a buga, a hankali a ke yi, kada a firgita mutumin da ke shirin yin kuka ko fushi.

Ga inda abin ya shafi akawu. Ko wace ɗauka sai an rubuta ta a takardar rahoto: lambarta, da gilashin da aka yi aiki da shi, da tacin haske da aka sa a gabansa, da wadda darekta ya ce ta yi. Wata fitowa a kan ɗauki rabinta yau, rabi sai bayan wata biyu a wani gari dabam. In takarda ba ta faɗi gaskiya ba, rabin nan biyu ba za su yi kama da juna ba. Saboda haka yaron da ya iya rubutu mai tsabta, ya saba da cika rajista ba kuskure, ya riga ya sami rabin abin da a ke nema.

A zamanin da a ke ɗaukar kome da zaren fim, nauyin ya fi haka. Zare mai faɗin milimita 35 yana gudu ƙafa 90 a minti guda, watau naɗi mai ƙafa 400 bai cika minti huɗu da rabi ba, mai ƙafa 1000 kuwa minti 11 ne da 'yan kai. Mai allo ke ɗura shi cikin kwanso, hannuwansa a cikin wata baƙar jaka ko ƙaramin tanti, yana lalube ba ya gani, domin haske kaɗan in ya taɓa zaren ya ɓata shi. In ya yi kuskure ya buɗe gwangwanin da aka riga aka ɗauka, aikin yini ya tafi, ba mai dawo da shi. Tun da kamfanin ARRI na Jamus ya fito da kyamarar Alexa a 2010, galibin manyan finafinai sun koma ɗauka a kan katin ajiya, ko da ya ke har yanzu akwai masu riƙe da zare. Amma haɗarin bai gushe ba, kama kawai ya sake. Katin da aka goge kafin a kwafe shi a kwamfuta, shi da zaren da haske ya ci duk ɗaya ne. Shi ya sa a ke manna wa kati mai hoto alama da salatif mai launi, ba kuwa a goge shi sai an tabbata an kwafe shi wuri biyu.

Ɗan koyo kuma yana taya aikin awo. A kan ja tef daga wata 'yar alama a jikin kyamara zuwa idon ɗan wasa, a manna salatif a ƙasa inda zai tsaya, ko wane ɗan wasa da launinsa. Wani lokaci in mutum ya gusa da inci biyu ko uku hoto ya ɓaci. Yaro mai hankali ya kan riƙa ƙiyasta nisa da ido a ransa kafin a ja tef, sa'an nan ya duba ko ya dace. Da haka a ke zama mataimaki na ɗaya wata rana.

Waɗanda Suka Hau

Kada a ce wannan bauta ce marar ƙarshe, ga shaida. Freddie Young an haife shi a 1902, ya shiga ɗakin aikin fim na Gaumont a Landan a 1917, yana yaro, yana aikin da aka sa shi. Sai da ya kusa shekara sittin ya ɗauki Lawrence of Arabia na 1962, wanda ya kawo masa kyautar Oska ta farko. Ya sake samu da Doctor Zhivago na 1965, da Ryan's Daughter na 1970.

Jack Cardiff, wanda aka haifa a 1914, yana ɗan shekara 15 ya fara buga allo a ɗakunan fim na Elstree. A 1937 yana cikin masu riƙon kyamara a Wings of the Morning, fim na farko da aka yi a Ingila da launin Technicolor. Bayan shekara goma ya ɗauki Black Narcissus na 1947, labarin da ya faru a duwatsun Himalaya, alhali kuwa kusan dukansa a ɗakunan Pinewood kusa da Landan aka yi shi, da haske da zane. Ya sami Oska a kansa. Shi ne kuma ya ɗauki The African Queen na 1951 a Kwango da Yuganda. Daga allo zuwa Oska kusan shekara goma sha takwas ke nan. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma hanyar makaranta. Roger Deakins ya yi karatu a makarantar fim ta ƙasa da aka buɗe a Beaconsfield a 1971, ya fara da ɗaukar finafinan labarin gaskiya. Shi ma sau 13 ana sa sunansa a takarar Oska yana faɗuwa, sai a 2018 ya ci da Blade Runner 2049. A shekarar nan ce kuma aka fara sa sunan mace a wannan takara, watau Rachel Morrison ta Amurka, saboda fim ɗin Mudbound. Iyayen 'yan mata sai su lura.

Ƙofofin Shiga

A Ingila ƙofa uku aka fi sani. Ta ɗaya ita ce gidajen hayar kayan aiki, irin su Panavision da ARRI Rental. Masu yin fim ba su cika sayen kyamara ba, haya su ke yi. Yaron da ya sami aiki a irin wannan gida yana goge kaya yana shirya akwatuna, zai san sunan ko wane ƙarfe, kuma kullum mataimaka na zuwa gwada kaya kafin su fita aiki, suna ganinsa. Ta biyu ita ce tsarin koyo na hukuma, kamar na ScreenSkills, wadda ke zaɓen 'yan koyo ta tura su wuraren aiki. Ta uku ita ce ƙananan finafinai na ɗalibai da na masu ƙaramin jari, inda kuɗi kaɗan ne amma a kan sadu da mutane. Ko ta wace ƙofa aka bi, abu guda ke kawo aiki na biyu, watau mai allon da ka yi wa hidima ya tuna da kai ya sake kiranka.

Wajibi ne kuma a faɗa wa yaro ɗacin abin. Ba aikin albashin wata ba ne mai fansho. In fim ya ƙare aiki ya ƙare, sai a zauna jiran kira, wata ɗaya ko uku. Wanda bai iya tanadi ba zai sha wuya. Yinin aiki ya kan wuce awa goma, a tsaye, cikin sanyi ko rana. Har rai ma ya kan salwanta in shugabanni sun yi sakaci. A Amurka, ran 20 ga Fabrairu 2014, jirgin ƙasa ya kashe wata mataimakiyar kyamara mai suna Sarah Jones, 'yar shekara 27, a kan wata gada a jihar Jojiya, inda aka kai su aiki ba da iznin masu hanyar jirgin ba. Darektan fim ɗin ya amsa laifi a kotu, aka ɗaure shi. Ladabi ga manya wajibi ne, amma yaro ya san yana da ikon cewa a'a in an tura shi inda zai halaka.

Mu Nan Gida

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce gare mu. A 1948 Turawan mulki suka buɗe makarantar koyon ɗaukar fim a Ankara ta ƙasar Gana, wadda a lokacin a ke kira Gwalkwas, aka horar da 'yan ƙasar da 'yan Nijeriya. Marigayi Adamu Halilu ya koyo aikin a Landan, shi ne ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976. An kafa Hukumar Fim ta Nijeriya a 1979, ita ce ke da makarantar koyon fim da aka buɗe a Jos a 1995. A Kano kuwa, tun fitowar Turmin Danya a 1990 sana'ar fim ɗin Hausa ke ciyar da jama'a masu yawa. A nan mutum ɗaya ya kan haɗa aikin mutum uku, amma hanyar koyo ita ce dai wadda muka sani wurin maƙeri da maɗinki: a bi maigida, a ɗauki jakarsa, a buɗe ido.

To, malam, in ɗalibinka ya zo maka da wannan buri, kada ka kashe masa gwiwa, kada kuma ka bari a sayar da gona. Tambaye shi ko yana zuwa makaranta kan lokaci. Dubi littafinsa ka ga ko rubutunsa na karantuwa. Ba shi ajiyar kayan aji na wata guda ka ga ko za su dawo cikakku. In ya ci wannan jarrabawa, ka ce masa ya nemi mai sana'ar da zai bi, ya yi haƙuri da ɗaukar akwati. Kyamarar kuwa, ranar da suka amince da shi su da kansu za su miƙa masa ita.

Allah ya sa yaranmu su dace da sana'a mai albarka, amin.