Cututtukan Shanu da Hunturu: Tsakanin Magani da Rigakafi a Birnin Katsina

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi wasu cututtukan da ke addabar shanu a ƙasar Katsina lokacin hunturu, watau daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, da kuma matsayin mai sayar da maganin dabbobi a cikin birni. Dalilin zaɓen wannan mutum shi ne, sau da yawa makiyayi kan riga isa shagonsa kafin ya isa wurin likitan dabbobi. Saboda haka abin da aka faɗa masa a bakin kanta, da kuma kalmomin da aka faɗa masa da su, suna iya zama sanadin tsirar garke ko salwantarsa.

Hunturu da Cuɗanyar Shanu

Mutane da dama sun ɗauka cewa iskar hunturu ce da kanta ke ɗauke da cuta. Gaskiya ne sanyin dare da ƙura suna raunana dabba, musamman maraƙi da saniya mai shayarwa, amma babban abin da ke yaɗa cuta shi ne cuɗanya. Da zarar an kawar da amfanin gona, sai garkuna su gangaro cikin gonaki don cin kara da harawa. Tafkuna kuma su fara ƙafewa, sai shanun rugage daban-daban su taru a mashaya ɗaya, kamar bakin madatsun ruwa na Ajiwa da Jibiya da Zobe. A daidai wannan lokaci ne kuma shanun Nijar ke ƙetarowa, wasu don kiwo, wasu don kasuwannin Mai'aduwa da Jibiya da Caranci, daga can kuma fatake su kawo su birni ga mahauta da masu kiwon turka. Sa guda mai tari da aka sayo aka ɗaure a gida ya isa ya shafa wa duk abin da ke turke.

Sunayen Cututtukan

Hausawa da Fulani ba su jira zuwan Turawa ba kafin su raɗa wa waɗannan cututtuka sunaye, kuma sunayen suna nuna inda idon makiyayi ya tsaya. Wasu an kira su da sunan gaɓar da suka ɓata, alal misali ciwon huhu da ciwon hanta da saifa, domin abin da mahauci ke gani ke nan idan ya feɗe dabbar. Wani sunan kuwa yana ɗauke da tsohon imani ne. Harbin daji cuta ce da ke kama ƙosasshen ɗan bijimi, cinyarsa ta kumbura, ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, sai aka ɗauka wani abu ne na ɓoye ya harbe shi a dawa. A yau an san ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin ƙasa, ta kuma fi tashi da damina, shi ya sa ake so a yi rigakafinta tun kafin ruwa ya sauka.

Wanda ya fi yawa da rani shi ne boru, wato ciwon baki da ƙafa. Saniya kan yi ta dalalar da miyau, bakinta da tsakanin kofatonta su yi gyambo, ta kasa kiwo, nono ya janye. Ba safai yake kashe manyan shanu ba, sai dai maruƙa. Ƙwayarsa iri bakwai ce aka sani a duniya, kuma rigakafin wani irin ba ya kare dabba daga wani. Ciwon hanta kuwa tsutsa ce da shanu ke kwasowa a ciyawar fadama inda dodon koɗi ke zaune, sammore kuma ƙudan tsando ke kawo shi ga shanun da suka tafi kudu cin rani. Waɗannan biyu ba su da allurar rigakafi ko kaɗan, sai dai magani.

Ciwon Huhu

A kan ciwon huhu ya kamata a tsaya, domin a nan ne aikin mai shago ya fi nauyi. Cutar tana bin numfashi daga saniya zuwa saniya, tana kuma iya ɓuya a jiki daga mako uku har zuwa watanni kafin ta bayyana. Idan ta bayyana, sai a ga dabbar ta ware daga garke, ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana nishi da busasshen tari. Makiyayi da ya ga haka sai ya nufo birni ya ce a ba shi allura.

A nan harshe ya kawo cikas. Kalmar allura a bakin Bahaushe ta haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka. Akwai allurar magani, irin su Oxytetracycline da Tylosin, waɗanda ke yaƙar ƙwayar cutar da ta riga ta shiga jiki. Akwai kuma allurar rigakafi, wadda ake yi wa lafiyayyar dabba don jikinta ya koyi kare kansa, kuma sai bayan mako biyu ko uku take fara aiki. Kowa ya san karin maganar da ke fifita rigakafi a kan magani, amma a bakin kanta magani ne ke da kasuwa, tun da shi ne ake ganin aikinsa cikin kwana uku.

Illar ita ce, allurar magani kan kwantar da tarin, saniya ta tashi ta ci gaba da kiwo, alhali kuwa a wasu dabbobin ƙwayar cutar ta samu wani lungu cikin huhu ta ƙulle kanta, tana nan da rai. Mai ita zai ce ta warke, ya mayar da ita garke ko ya kai ta kasuwa. Bayan watanni, idan yunwar bazara ta raunana ta, cutar na iya tashi ta shafi wasu. Mai shagon da ya san aikinsa zai gaya wa makiyayi ya ware marar lafiyar, ya sanar da ofishin dabbobi, ya kuma nemi rigakafi ga sauran. Wannan shawara ba ta kawo ciniki, shi ya sa ba kowa ke bayar da ita ba.

Rigakafi da Sha'anin Ajiya

Yawancin alluran rigakafin shanu da ake amfani da su a Nijeriya daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom suke fitowa, kusa da Jos, wadda ta fara aiki a can cikin 1924. Na ciwon huhu ƙwayar cutar ce mai rai da aka raunana aka busar cikin ƙaramar kwalba. Tun da mai rai ce, zafi na kashe ta. Kada sanyin asubar hunturu ya ruɗi kowa, domin da rana zafin Katsina kan kai digiri 30, kuma wutar lantarki ba ta da tabbas. Kwalbar da ta kwana biyu cikin firjin da ya mutu ba ta sake kama ba, amma abin da ke ciki na iya tashi daga aiki. Bugu da ƙari, da zarar an narka ta da ruwan haɗinta, dole a ƙarar da ita cikin awa ɗaya ko biyu, a inuwa, cikin akwatin ƙanƙara. Rigakafin boru kuwa akasin haka yake ta wani fanni: ana ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8, idan ya daskare ya lalace.

Akwai wani kuskure kuma da ake yi da kyakkyawar niyya. Makiyayi kan so a haɗa wa saniya rigakafi da allurar magani rana ɗaya, wai don a ƙara mata ƙarfi. Rigakafin ciwon huhu da na saifa duka masu rai ne, saboda haka maganin zai kashe su kafin su yi aiki. Har ila yau, kariyar rigakafin huhu ba ta wuce shekara, sai an maimaita. Wani lokaci kuma wurin allurar kan kumbura, abin da ke sa wasu makiyaya gudun ta, ban da tsohon tsoron da suka gada tun zamanin jangali, cewa duk inda hukuma ta tara shanu to ƙidaya ce za ta biyo baya.

Wanda ke shakkar amfanin rigakafi sai ya tuna da bushiya. Wannan annoba ta share garkunan ƙasar Hausa wajen 1890, ta kuma sake yin mummunar ɓarna a Nijeriya a 1983, bayan da aka yi sakaci da yaƙin rigakafin da aka fara a 1962. Da aka sake dagewa, sai aka daina ganin ta, har aka bayyana a 2011 cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Sai dai rigakafin bushiya sau ɗaya yake kare dabba iya rayuwarta, na huhu kuwa bai kai wannan matsayi ba.

Saifa ma tana da nata hukunci da ya shafi mutanen birni kai tsaye, domin tana kama ɗan Adam. An tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja cikin Yulin 2023. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura, ba a feɗe ta, ba a cin namanta, ba a kai fatarta majema. Rami mai zurfi ake haƙawa a binne ta, ko a ƙone ta a inda ta faɗi.