Jita mai tsada ko mai araha: abin da na koya a rumfar mai gyara

A farkon zangon karatu na bara, shugaban makarantarmu a Tamale ya kira ni ofis, ya miƙo mini ambulan. "Malam, ga abin da iyayen yara suka tara. Ka sayo mana jita, tunda kai ne ka koya a kwalejin horar da malamai." Da na ƙirga kuɗin, sai na ga iyakarsu mafi araha a kasuwa. Ita na sayo.

Ba a yi mako uku ba, yara goma sha biyu da ke tsayawa koyo bayan an tashi suka koma huɗu. Wata 'yar aji shida, wadda ta fi kowa saurin kama sauti, ta nuna mini yatsunta duk sun yi bororo, ta ce, "Malam, ni dai na haƙura." Wallahi abin ya dame ni. Na ce lallai araha ba ta ado, har na fara shirin komawa wurin iyaye neman ƙari, alhali na san da ƙyar suka haɗa na farkon.

Wani abokin aikina ne ya ce in dakata, ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa. Tsohon ya ɗaga jitar, ya kanne ido ɗaya yana duban wuyanta kamar kafinta na duban katako. Sannan ya auna tazarar tsirkiya da wuya a kan ƙarfe na 12, ya ce ta kusa milimita 5, alhali wajen 2 da rabi ya kamata. "Yaro na danna wannan ai sai ya yi kuka," in ji shi. Ya ɗan juya sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, ya goge jakin da tsirkiya ke hawa ya rage masa tsawo, ya sa sababbin tsirkiyoyi sirara. Cikin awa ɗaya jitar ta yi laushi a hannu, muryarta ta washe.

Na ce, "Baba, ke nan masu kashe maƙudan kuɗi asara suke yi?" Ya yi dariya, ya ce a'a. Ya ce kuɗi na sayen abubuwa uku: fuskar katako ɗan asali maimakon filawud, makunnan da ke riƙe sauti ba sa zamewa, da kuma hannun gwani da ya daidaita komai tun daga masana'anta. Fuskar ce ke kaɗawa ta fitar da sauti, shi ya sa ta katako zalla ta fi amo da zurfi.

Daga baya na bincika, na ga magana tasa tana da tushe. A shekarar 1862, Antonio de Torres, maƙerin jita na ƙasar Sifen, ya haɗa wata jita mai fuskar katako mai kyau, amma baya da gefenta na kwali ne. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. A 2018 kuma aka wallafa wani bincike da aka yi a Ingila: maƙeri ɗaya ya haɗa jita shida iri ɗaya, sai dai katakon baya da gefe ya bambanta, daga mai tsada zuwa mai sauƙi. Makaɗa 52 suka gwada su ba tare da ganin wacce ce wacce ba, kuma da ƙyar suke bambance su. Ashe wani ɓangare na tsadar, ido ake saya wa, ba kunne ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu nan arewa. Tsohon ya jawo wata jita mai tsada daga ƙarƙashin tebur, fuskarta ta tsage daga jaki har ƙasa. Hunturu ne ya yi mata haka. Katako zalla yana son danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, iskar hunturu kuwa tana busar da shi har ya dare. Filawud ya fi juriya. Don haka a aji mai ƙura da hannun yara talatin, mai arahar ce ma ta dace.

Na tuna Mdou Moctar na Nijar, wanda yau yake kiɗa a manyan biranen duniya. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da wayar keke a matsayin tsirkiya.

Shawarata ga iyaye da malamai: ku guji wadda ta yi araha har wuyanta ya karkace ko ba ta riƙe sauti, don wannan ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Ku sayi matsakaiciya, ku ware wani abu na mai gyara da sababbin tsirkiyoyi. Kada a bar ta a rana ko jikin taga.

Yarinyar nan ta dawo. Ranar rufe makaranta ita ta kaɗa wa 'yan ajinsu, iyaye na zaune suna kallo. Da aka tashi, mahaifinta ya zo ya tambaye ni ko sabuwa muka sayo. Na ce masa a'a, Alhaji, wadda kuka tara wa kuɗi ce.