Abin da ke sa sabon shiga asara a cacar poka ta intanet

Da yawa kan ɗauka cewa sa'a ce kaɗai ke raba mai ci da mai asara a cacar karta ta poka. Sai dai waɗanda suka mayar da ita sana'a da shirinsu suke zama: kwamfuta mai sauri, allo biyu ko uku domin buga tebura da dama a lokaci guda, da layin intanet na ko-ta-kwana, domin yankewar sadarwa kan jawo a zubar wa mutum da katinsa.

Manhajoji irin su PokerTracker da Hold'em Manager suna adana tarihin kowane zagaye, su nuna yawan yadda abokin karawa ke ƙara kuɗi ko janyewa. PioSolver kuwa lissafa matakin da ya fi dacewa take yi. A 2017, manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka ta doke ƙwararru huɗu a zagaye 120,000 cikin kwana 20.

Ga kuma kason da shafin ke cira daga kuɗin da aka zuba. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya shiga da wayarsa kawai, jarinsa ko albashinsa ne ke zama ribar waɗanda suka fi shi kayan aiki.