Ƙwayar ƙarfe a jini da ƙafar manomin Nilul Azraƙ

A gonakin Jazira da Sinnar, a yankin da ƙauyukan Hausawa suka jeru daga Mai Wurno zuwa Damazin, an san ciwon madura. Ƙaya ce ke sukar manomi ta bar masa ƙwayar cuta daga ƙasa. Kumburi ya fito ba zafi, ya shekara yana ci, yana tsiyayar ruwa da 'yan tsaba baƙaƙe, har ya kai ƙashi. Tun 1991 Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa cibiyar bincikensa a Jami'ar Khartoum, amma sai a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Abin da ke damun likitan tiyata shi ne gano inda ciwon ya tsaya. In ya rage saura, ciwo ya dawo. In ya zarce, an yi asarar ƙafa. Shi ya sa nake bibiyar labarin sinadaran da ake ɗura wa jini don hoto ya fito tar.

Ɗaya daga ciki shi ne ferumoxytol, tsatsar ƙarfe ce lulluɓe da nau'in sukari, kowace ƙwaya kamar nanomita 30, wato kashi 30 cikin biliyan na mita. A 2009 Amurka ta amince da shi don ƙarancin jinin masu ciwon ƙoda, sai likitoci suka riƙa aro shi don hoton MRI, tunda gadolinium da aka saba da shi na iya illata mai ƙoda da ta lalace. Ƙwayoyin garkuwar jiki kan haɗiye ƙarfen su taru inda ake kumburi, wurin ya yi duhu a hoto. Yana da nasa haɗari: a 2015 an tsananta gargaɗi kan mummunan borin jini da yakan tayar.

Ana ma bin sawun ƙwayoyin jiki da irin wannan ƙarfe. A 2005, a Nijmegen ta ƙasar Holan, an ciyar da ƙwayoyin garkuwa ƙarfe, aka haɗa da indium-111 mai fitar da tururin nukiliya, aka yi wa masu kansar fata allura a kaluluwa. Na'ura biyu suka duba: MRI da mai gano tururin. MRI ce ta fallasa cewa rabin alluran ba su shiga kaluluwar ba.

To, mu fa? Madatsar Rusairis mai ba da lantarki na dab da Damazin tun 1966, amma babbar MRI na buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da iskar helium, da injiniya. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ci Wad Madani, inda Cibiyar Kansa ta Jami'ar Jazira take, kuma faɗuwar Sinja a Yunin 2024 ta toshe hanyar Damazin wata da watanni.

A ganina abin sa ido shi ne ƙananan MRI masu raunin maganaɗisu, irin Swoop da ake turawa a kan taya a jona ta a soket, wadda aka yi aiki da ita a Blantyre ta Malawi. Bincike ya nuna ƙwayoyin ƙarfe na haska hoto sosai, maimakon duhunta shi, a irin wannan raunin maganaɗisu. Sai dai Swoop kai kaɗai take dubawa, manominmu kuwa a ƙafa ciwonsa yake.