Yadda Gardamar Bauta Ta Raba Amurka Biyu

Jama'a masu sauraro, da ku ɗaliban yaƙi da jahilci na Ɗan Barto da kewayen Matamaye: Yau hirarmu ta tarihi ce. Za mu ga yadda ƙasa guda ta rabu biyu, ƴan ƙasa suka yaƙi junansu shekara huɗu. Ƙasar ita ce Amurka. Sanadin faɗan kuwa bauta ce. Ku karanta sannu a hankali. Inda kuka ga lamba, ku tsaya ku kwafe ta.

Arewa da Kudu

Amurka tarayya ce ta jahohi da yawa. Kowace jaha tana da gwamnanta da dokokinta, amma shugaban ƙasa ɗaya ne. A shekarar 1860 mutanen ƙasar sun kai miliyan 31. A cikinsu kusan miliyan 4 bayi ne, jikokin mutanen da aka kwaso daga Afirka cikin jiragen ruwa.

Jahohin Arewa sun bar bauta. Can akwai masana'antu da manoma masu noma da hannunsu, mai aiki kuma ana biyansa lada. A Kudu kuwa akwai manyan gandaye na auduga da taba da rake. Bayi ne ke noma su, ba lada. Ana sayar da uwa gabas, a sayar da ɗanta yamma. A jahohi da yawa na Kudu doka ta hana a koya wa bawa karatu. Wannan abin da kuke yi yanzu, a can laifi ne.

Gardama ta farko: sababbin jahohi

Ƙasar tana ƙara faɗi wajen yamma, ana kafa sababbin jahohi. Duk jahar da za a kafa sai a tambaya: da bauta ko ba bauta? Dalili kuwa, kowace jaha tana aika wakilai biyu majalisar dattawa. Wanda ya fi jahohi, shi zai fi murya wajen yin doka.

A 1820 aka yi sulhu. Aka karɓi jahar Misuri da bauta, aka ja layi aka ce arewa da shi ba za a ƙara kai bauta ba. A 1854 aka soke wannan layi, aka ce mutanen kowane yanki su zaɓa da kansu. Sai kowane ɓangare ya tura mutanensa yankin Kansas don su rinjayi ƙuri'a. Nan aka fara zubar da jini.

Gardama ta biyu: bawan da ya gudu

Ku mutanen Ɗan Barto kun san iyaka. Tafiya kaɗan mutum ya shiga Kwangwalam, doka ta sake. Haka kogin Ohayo yake a wancan zamani: wannan gaɓa ƙasar bauta, waccan gaɓa ƙasar ƴanci. Bayi sukan ƙetare da dare.

A 1850 aka yi doka mai tsanani. Ta ce dole mutanen Arewa su taimaka a kama bawan da ya gudu, a mayar wa ubangijinsa. Wanda ya ɓoye shi, tara ko kurkuku. Mutanen Arewa da yawa suka ƙi. A 1857 kuma wani bawa mai suna Dired Sikot ya nemi ƴancinsa a kotun ƙoli. Alƙalai suka ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da ikon kai ƙara. Zuciyar mutanen Arewa ta ƙara ɓaci.

Kun ga, shekara arba'in ana ɗinki, ɗinkin yana farkewa. An ƙi amsa tambaya ta ainihi: shin mutum yana iya zama dukiyar wani mutum, kamar jaki ko gona? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ballewa

A watan Nuwamba na 1860 aka zaɓi Abraham Linkon shugaban ƙasa. Bai ce zai ƙwace bayin Kudu ba. Ya ce dai bauta ba za ta ƙara shiga sabon yanki ba. Masu gandaye suka gane cewa in ta daina yaɗuwa, ƙarshenta ya zo.

Ran 20 ga Disamba 1860 jahar Karolina ta Kudu ta ce ta fita daga tarayya. Wannan shi ake kira ɓallewa. A takardar da ta rubuta, ta kawo ƙarar Arewa a kan ƙin mayar da bayin da suka gudu. Wasu jahohi suka bi ta, har suka zama 11. Suka naɗa nasu shugaba, Jefason Debis. Linkon ya ce ba jahar da ke da ikon fita don ta faɗi zaɓe.

Yaƙi

Ran 12 ga Afrilu 1861 sojojin Kudu suka buɗe wuta a kan wani sansanin gwamnati mai suna Samta. Yaƙin basasa ya tashi, wato yaƙin ƴan ƙasa ɗaya. Da farko Linkon ya ce yana yaƙi ne don ƙasa ta zauna guda. Amma ran 1 ga Janairu 1863 ya yi shela cewa bayin jahohin da suka ɓalle sun zama ƴaƴa.

Baƙaƙen fata wajen 180,000 suka shiga sojan Arewa. A cikinsu har da wani mutumin ƙasashenmu, Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, haifaffen Kukawa ta Barno. An kama shi yana yaro, aka kai shi Katsina, aka ƙetare Sahara da shi zuwa Tarabulus. Bayan ya sami ƴanci ya isa Amurka, ya ɗauki bindiga a 1863.

A watan Afrilu na 1865 babban janar na Kudu ya miƙa wuya. Ƴan kwanaki bayan haka wani mai goyon bayan Kudu ya harbe Linkon. A Disamba na wannan shekara aka rubuta haramcin bauta cikin tsarin mulkin ƙasar. Mutum fiye da 600,000 suka mutu a yaƙin.

Mu fa?

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. A Damagaram da Kano da Katsina an yi cinikin bayi a kasuwa. A 1905 Faransa ta yi dokar hana shi a ƙasashen da take mulka. A 2003 Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta zauna a Yamai, ta ba Hadijatu Mani gaskiya, ita da aka sayar tana yarinya.

Doka ta yi nata. Saura namu: mu daina yi wa kowa gorin asali, wajen aure ko wajen zaman gari.

Tambayoyi don tattaunawa a aji:
1. Me ya sa aka yi gardama a kan sababbin jahohi?
2. Mene ne ɓallewa?
3. Me ya sa aka hana bawa karatu?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.